Wa ke yanke wa kwamfutarka ranar mutuwa?

Gardama uku ce ba ta ƙarewa a fadodin ɗalibai, daga Yamai har Damagaram: ta ƙwallo, ta siyasa, da ta waya. Ta ukun nake son mu duba. Kowa ya san yadda take tafiya. Mai iPhone ya ce Android wayar talakawa ce. Mai Tecno ya ce iPhone asarar kuɗɗi ce, batir ɗinta ba ya kai la'asar. In aka koma kan kwamfuta, wani ya rantse ba a sake yin kamar Windows 7 ba, wani ya ce Windows 11 ce zamani, sannan ɗan sashen informatik ya gyara zama ya ce duk kun ɓace hanya, Linux ce gaskiya. A sha shayi na ɗaya, na biyu, na uku, a watse, ba wanda ya canza ra'ayi.

Gardama ba laifi ba ce. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da muke yin ta da shi na aro ne. Hujjojin da muke jifan juna da su daga bidiyoyin YouTube da TikTok muka kwaso su, daga bakin mutanen Faransa da Amurka masu canza waya duk shekara, waɗanda kuran ba ya ɗauke musu, kuma ba a auna musu intanet da mega. Su abin da ke gabansu shi ne kyamara da sauri da siririn jiki. Mu kuwa wayar da ɗalibi ya saya sai ta yi masa shekara huɗu ko biyar, sannan ta sauka hannun ƙane. Kwamfutar da yake rubuta memuwar da ita ta riga ta yi shekaru tana aiki a wani ofishin Turai kafin jirgi ya sauke ta a Kwatano ko Lome, ko kuma ta biyo hanyar Kano ta shigo Maraɗi. Ga mai irin wanga kaya, tambayar farko ita ce: har yaushe abin nan zai yi mini aiki, kuma wa ke da ikon cewa ya ƙare? Ita ce tambayar da ba a cika jin ta a fada ba, kuma ita ce ke taɓa aljihu da karatu.

Ranar 14 ga Oktoba 2025

A wannan rana kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wadda ya fitar a watan Yuli na 2015. Da yawanmu ba su ma ji labari ba, don kwamfutar ba ta mutu ba. Ka danna, ta kama, Word ya buɗe, fim ya yi. To mi ya canza?

Abin da ya canza shi ne mizajur, wato gyare-gyaren da kamfani ke turowa lokaci lokaci. Kowane sistem, ina nufin uwar manhajar da ke tafiyar da na'ura, yana da ɓaraka. Ba a gano ta duka rana ɗaya. Wata sai bayan shekaru. In an gano, kamfani ya toshe ta da mizajur. In kamfani ya ce ya gama, ɓarakar da za a gano gobe za ta zauna a buɗe har abada, kuma ɓarayin intanet sun fi mu sanin kwanan watan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su yi mizajur ba.

Za ka ce, to ai sai a hau Windows 11. Nan ne gizo ke saƙa. Windows 11, da ta fito a Oktoba 2021, ta zo da sharuɗɗa: dole kwamfuta ta kasance da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in Intel ce, ƙwaƙwalwarta ta kasance ta ƙarni na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa daga 2017. Duba taka yanzu. In ka ga an rubuta i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce ƙarni: na shida ke nan, ba ta cika sharaɗi ba. In i5-8250U ce, ka tsira. Je ka zaga wurin masu sayar da kwamfutoci ƴan gwanjo a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ka karanta lambobin nan. Za ka tarar da HP da Dell da Lenovo masu ƙarni na huɗu, na biyar, na shida jibge, lafiyarsu lau, allo garau, madannai ba wanda ya cire. A wurin Microsoft kuwa sun riga sun zama tarihi.

A yi adalci. Shekara goma na kulawa ba kaɗan ba ne, kuma guntun TPM yana da amfani na gaske wajen tsaro. Kamfani ba gidan sadaka ba ne. Amma a lura da inda aka duba kafin a yanke hukuncin: kasuwannin da ofisoshi ke canza kwamfutoci duk bayan ƴan shekaru. Kuma a lura da wanda aka saurara da aka yi kuka. Microsoft ya buɗe ƙofar ƙarin shekara guda, har Oktoba 2026, ga wanda ya biya dalar Amurka 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa ta asusunsa na Microsoft. Da ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka matsa, sai aka sassauta wa mutanen Turai sharuɗɗan. Mu ba mu da ƙungiyar da za ta matsa, ba mu ma san ana rabon ba.

Ga kuma abin da zai biyo baya, wanda ba ya buƙatar boka. Kwamfutocin da ofisoshin Turai ke fitarwa saboda ba su hawa Windows 11, ina za su? Wani kaso nasu hanyar da suka saba bi za su biyo, su iso mana da araha. Mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Wataƙila shi ma bai sani ba. Zai ce maka "Core i7 ce, babba ce", alhali i7 na ƙarni na huɗu ya girmi i3 na ƙarni na goma da shekaru masu yawa. Wani mai gyara kuma zai ɗora maka Windows 11 ta bayan gida, ya tsallake sharuɗɗan. Tana kamawa, gaskiya ne. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan mizajur ba. An sayar da kare an sayi biri.

"Ai Windows kyauta ce"

Wannan ra'ayi ya fi kowanne yaɗuwa a tsakaninmu, kuma ba wanda ke gardama a kansa, don kowa ya ga yadda ake yi: ka kai kwamfuta wurin mai gyara, ya yi mata formate, ya zuba Windows da Office da Photoshop da duk abin da ka ambata, ka ba shi na goro. Windows ba kyauta ba ce, Office ma haka. Abin da aka zuba maka fasasshe ne.

Ba wa'azi zan yi ba. Ɗalibin da ke jiran bursin da ya makara wata da watanni ba zai sayi lasisin Office ba, kuma duk wanda ya ce ya saya bai san rayuwar kampus ba. Abin da nake so mu gane shi ne wannan kyautar tana da farashi. Ƴar manhajar da ake fasa Windows da ita, abu na farko da take nema shi ne a kashe mai gadin kwamfutar, wato antibirus. Ka tsaya ka yi tunani: baƙo ya zo gidanka da dare ya ce sharaɗin shigarsa shi ne a ɗaure kare. Ba ka san wanda ya rubuta ta ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba. Bayan haka mai gyaran zai kashe mizajur gaba ɗaya, wai don kada ta cinye maka forfe, ko don kada Microsoft ya gane. Sai kwamfutar ta zauna tsirara, kile na shiga kile na fita, daga sibar zuwa wurin buga takardu zuwa kwamfutar aboki. Wa bai san birus ɗin nan mai mayar da dukan fayiloli gajerun hanyoyi ba? Wa bai taɓa ganin ɗalibi ya riƙe kai saura mako guda a karɓi memuwar ba?

Akwai wani farashin da ya fi wannan zurfi. A 1998 Bill Gates ya yi magana a gaban ɗaliban wata jami'a ta Amurka kan yadda ake satar manhajojinsa a Sin. Ma'anar abin da ya ce ita ce: tunda dai sai sun sata, gara su saci namu, su saba, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Mutumin ya san abin da yake faɗa. Yaron da ya koyi kwamfuta a kan Word fasasshe, ranar da ya zama darakta Word zai sa a saya wa ma'aikatarsa, da kuɗin ƙasa. Mu muna ganin mun yi wa kamfani wayo, alhali horo muke karɓa. Shi ya sa har yau a wurin mutane da yawa "iya kwamfuta" na nufin iya Word da Excel da PowerPoint, kamar a ce iya tuƙi shi ne iya Toyota.

Masu wa'azin Linux

A nan ne ɗan informatik zai miƙe ya ce: ai na gaya muku. Kuma yana da gaskiya mai yawa. Linux ɗalibi ne ya fara ta, Linus Torvalds, a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, a 1991, yana da shekara 21. Kyauta ce ta halal, kowa na da izinin kwafa da rabawa da gyarawa. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, da Linux Mint da aka gina a kanta, suna tafiya sumul a kan kwamfutocin nan da Windows 11 ta ƙi. Birus ɗin kile na Windows ba ya cin su. Masu cewa Linux wasan yara ce su sani jandarmomin Faransa sun shekara da shekaru suna aiki da wani nau'in Ubuntu a dubban kwamfutocinsu. Kai, wayar Android da ke aljihunka ma a kan zuciyar Linux aka gina ta. Kuma ga amsar tambayarmu: a duniyar Linux ba kamfani ɗaya ke riƙe da wuƙa ba. In wani nau'i ya yi wa kwamfutarka nauyi, akwai mai sauƙi da wasu ke kula da shi.

Amma masu wa'azin nan suna da nasu laifin, kuma shi ya sa ba su cika samun mabiya ba. Suna magana kamar matsalar ɗalibi ita ce falsafar ƴanci, alhali matsalarsa malamin da ke duba memuwar ne. Ka rubuta shafi tamanin a LibreOffice, ka kai wa malam ya buɗe a Word, tebur ya goce, lambobin shafi sun rikice, ya ce ba ka da tsari. Wa zai biya wannan? Ɗan sashen gine-gine yana buƙatar AutoCAD, kuma AutoCAD ba ya hawa Linux. Mai neman na cefane da haɗa katin biki da hotunan talla ya saba da Photoshop, shi ma ba ya hawa. In katin wifi ya ƙi kamawa, ko injin buga takarda ya ƙi amsawa, mai gyaran unguwa zai kalli allon ya ce "mi ne ne wanga?", ya yi formate ya maido maka da Windows 10. In kuwa ka koma wurin wanda ya zuga ka, sai ya ce ka buɗe baƙin allo ka rubuta wasu dogayen kalmomi, yana yi maka kallon wanda bai yi lakkwal ba. Wanda ya ɗora wa ƴar'uwarsa ɗaliba Linux ya tafi hutu Tawa ya kashe waya bai taimake ta ba.

Ra'ayina a nan shi ne a daina mayar da abin addini. Ga ɗalibin adabi, ko shari'a, ko tarihi, ko ilimin zamantakewa, wanda aikinsa rubutu da karatu da intanet ne, kuma kwamfutarsa ba ta cika sharaɗin Windows 11 ba, Linux Mint ta fi masa Windows fasasshiya nesa ba kusa ba. Maganin gocewar tebur sananne ne: a kai wa mai bugawa PDF. Ana iya gwada Linux daga kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, kuma ana iya zaunar da su biyun a kwamfuta ɗaya, ka zaɓi wadda kake so in ka kunna. Wanda kuwa karatunsa ya ɗaure shi da AutoCAD, ya zauna a Windows ba tare da jin kunya ba, amma in zai sayi kwamfuta ya karanta lambar ƙarni kafin ya miƙa kuɗi.

Kuma ba sai an bar Windows ake fara fita daga fasassun kaya ba. QGIS na yin aikin taswira da ɗan sashen ilimin ƙasa ke nema, kyauta. R na yin lissafin ƙididdiga da ake fasa SPSS dominsa. Zotero na tsara sunayen littattafan da ka karanta. VLC da kowa ke kallon fim da ita, ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa. Duk suna hawa Windows. A nan malamanmu na da rabonsu na alhaki. Malamin da ya wajabta wa aji manhajar da ya san ba ɗalibin da zai iya saye, ya san kuma jami'a ba ta saya ba, umarnin fasawa ya bayar ko bai furta ba.

Tecno da iPhone: jirgi ɗaya

Mu dawo kan waya, inda gardamar ta fi zafi. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, na birnin Shenzhen a Sin, kuma shi ke kan gaba wajen sayar da waya a Afirka. Bai kai nan da sa'a ba. Ya dubi yadda muke rayuwa: sim biyu, don mai Airtel na riƙe da Moov ko Zamani saboda rezo da rangwamen kira, kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, batir babba, farashin da ɗan kasuwa da ɗalibi za su iya. Wanda ya zauna a Yamai ko Maraɗi bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a Agusta 2023, har zuwa farkon 2024, ya san darajar wayar da ke kwana biyu ba caji. A wannan lokacin ba wanda ya tambayi siririn jiki. Masu raina Tecno suna raina kamfanin da ya ɗauke mu da muhimmanci lokacin da manyan ba su ɗauke mu ba.

Sai dai yabon ya tsaya nan. Wayoyin nan suna zuwa cike da manhajojin da ba ka nema ba, wasu ba su goguwa, suna turo talla suna shan mega. A 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka bayyana cewa sun sami muguwar manhaja a cikin dubun-dubatar wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru, tun daga kwali, tana ƙoƙarin yi wa mutane rajistar abubuwan biya ba da saninsu ba. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya abin ya fito, kuma ya fitar da gyara. Babbar matsalar kuwa ita ce wadda muka gani a Windows: galibin ƙananan wayoyin Android ba a daɗe ana turo musu mizajur. Shiga saitin wayarka, wurin bayanin waya, ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya wuce shekara biyu, ka san a kan me kake ajiye kuɗinka da hotunanka da saƙonninka.

A wannan fage mai iPhone ya fi gaskiya fiye da yadda shi kansa ya sani. Apple na daɗewa yana kula da wayoyinsa: iPhone 6s ta 2015 ta samu sabon sistem har 2021, da gyaran tsaro bayan haka. Amma wa ya taɓa jin mai iPhone ya kawo wannan hujja a fada? Hujjarsa ita ce tambarin da ke bayan wayar, wanda ake juyawa ga madubi in za a ɗauki hoto. Kuma iPhone ɗin da ke iso mana galibi ta riga ta cinye rabin shekarunta a hannun wani. Batir an canza ko ya gaji, allo ba na asali ba, wata ma a kulle take da asusun mai ita na farko, ba mai buɗe ta sai shi. Ba ta karɓar katin memori. Apple ɗin ma ba waliyyi ba ne: a 2020 hukumomin Faransa sun ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda rage saurin tsofaffin iPhone ba tare da ya sanar da masu su ba. A 2025 kuma WhatsApp ta daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus, kamar yadda ta bar Android da ke ƙasa da 5.0 tun 2023. A ƙasar da WhatsApp ce ajin karatu, ita ce kasuwa, ita ce wasiƙar gida, wayar da ba ta hawa WhatsApp ta zama tocila. Wanda ya tara kuɗin wata shida ya sayi tsohuwar iPhone don a gan shi da ita, ranar mutuwarta ya saya kusa.

Ka ga ke nan mai Tecno da mai iPhone da ke zagin juna jirgi ɗaya ya kwaso su. Dukansu wani ne a wata ƙasa ke yanke ranar da kayansu zai daina amfani. Turawa sun gane haka, suka bi ta doka: daga Yuni 2025 duk wayar da za a saka a kasuwar Tarayyar Turai dole a ci gaba da ba ta mizajur aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da ita, a kuma samar da kayan gyaranta shekara bakwai. Su ne kuma suka tilasta caja iri ɗaya, har iPhone ta koma USB-C a 2023. Wato abin da muke ɗauka ƙaddara ce, a wani wuri magana ce ta majalisa.

Kafin in bar waya, kalma ɗaya kan GBWhatsApp da ƴan'uwanta, da wasu ke taƙama da su don suna nuna saƙon da aka goge suna ɓoye cewa kana kan layi. Ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, ba a san hannun da saƙonninka ke bi ba, kuma kamfanin na rufe lambobin masu amfani da su. Don ka karanta saƙon da budurwa ta goge, ka miƙa wa wanda ba ka sani ba dukan sirrinka.

Ƙ, ɗ, ɓ, ƴ

Akwai ma'auni ɗaya da ban taɓa jin an kawo a gardamar nan ba, kuma mu marubuta ya fi shafa: na'urar nan ta iya rubuta harshena? Kwamfutocinmu iri biyu ne, masu madannan Faransanci da suka fara da AZERTY, da masu na Ingilishi, QWERTY, da ke shigowa ta Najeriya. Ba ɗaya a cikinsu da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ a fuskarta. Sai muka saba rubuta "baki" muna nufin baƙi, "kafa" muna nufin ƙafa, mai karatu ya yi ta canka. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen ƙasar da ƴan jami'arsa ba su iya buga haruffansa huɗu ba, akwai sauran aiki.

Abin haushin shi ne maganin na nan, kyauta. Gboard na da Hausa: ka ƙara harshen, ka danne k ka riƙe, ƙ ta fito. Windows da Linux duk suna da tsarin madannan Hausa a cikinsu, kunnawa kawai ake yi. Akwai Keyman, akwai nau'o'in rubutu irin su Charis da Andika da ke fitar da haruffan nan tsaf, ba ƴan akwatunan da ke ɓata mana shafi in an je bugawa ba. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, Facebook ya bi a 2016. Sai dai in ka juya wayarka zuwa Hausa za ka ji Hausar ba ta nan ba ce sosai, kalmomin aronta daga Ingilishi suke, don ƴan'uwanmu na Najeriya ne suka fi shiga aikin. Ba laifinsu ba ne, su suka zo. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga kowa, haka ma Common Voice na Mozilla da ke tara muryoyin masu magana don na'ura ta koyi jin harshe. In muryar Tawa da Dogonduci da Damagaram ba ta shiga ba, na'urar gobe za ta ji Bakano ta kasa jin kakarka. Wannan ɗaya ne daga cikin wurare ƙalilan da hukuncin ke hannunmu, kuma mun bar shi muna gardamar kyamara.

Abin da ya rage namu

Ba mu da majalisar da za ta tilasta wa Microsoft ko Apple ko Transsion komi, aƙalla ba yau ba. Amma akwai abin da ɗalibi zai iya. Kafin ka sayi kwamfuta, karanta lambar ƙarni. Kafin ka sayi waya, tambayi shekarar da ta fito, ka duba gyaran tsaronta na ƙarshe, ka tabbata mai gyaran garinku na da allonta da batir ɗinta. In iPhone ce ta hannu, kada ka biya sai an goge ta an kunna a gabanka ka ga ba ta neman asusun wani. Memuwar ɗinka kuwa, ajiye shi wuri uku: kwamfuta, kile, da akwatin imel ɗinka, duk mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran aikin na taro ne. A Abdu Mumuni, da Ɗan Dikko Ɗankulodo, da André Salifou, da Djibo Hamani, akwai ɗalibai masu ilimin kwamfuta, akwai kuma ɗaruruwan masu kwamfutocin da Windows ta yi wa saki. Mi zai hana ƙungiyoyin ɗalibai su ware yini ɗaya a farkon shekara, a zo da kwamfutoci, a duba wadda ke hawa Windows 11 da wadda ba ta hawa, a gwada wa mai so Linux daga kile, a kunna wa kowa haruffan Hausa? Saukar da Linux Mint na cin jiga kusan uku, amma sau ɗaya ake yi. Kile ɗaya ya ishi kampus. Sharaɗin kawai shi ne masu ɗorawa su bar lambar da za a same su in abu ya ƙi, kuma su amsa ba da izgili ba.

In gardamar ta sake tashi a fadarku, bar mai iPhone da mai Tecno su gama. Sannan ka ce kowa ya ciro tasa, ya buɗe saiti, ya karanta wa jama'a kwanan watan mizajur ɗinsa na ƙarshe. Daga nan sai a ci gaba da magana.